Yadda Ake Rage Kurakuran Taswirar Zurfi Kafin Haɗa Bidiyon 3D

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo da kyamarar da ke auna nisa, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya juya hoton domin ya kalle shi ta gefe, ya san takaicin da ke biyo baya. Hoton launi yana nan garau, amma jikin wanda aka ɗauka ya cika da ramuka, gefen rawaninsa ya yi zare-zare ya miƙe har bangon da ke bayansa, shi kuma bangon da kowa ya san a tsaye yake ƙyam sai kyarma yake yi kamar ruwa a faranti. Na fara cin karo da wannan ne ranar da na ɗauki wani baduku a cikin tsohon garin Sakkwato yana ɗinkin jakar fata, da niyyar a adana yadda hannunsa ke sarrafa basilla domin na baya su gani. Da na dawo gida, basillar ta ɓace gaba ɗaya daga siffar, yatsunsa kuma sun manne da juna.

Laifin yana cikin taswirar zurfi. Ita ma hoto ce, sai dai kowane ɗigo a cikinta lamba yake ɗauke da ita maimakon launi, lambar kuma tana nuna nisan wannan wuri daga idon kyamara, galibi da milimita. Da ita manhaja ke sanin cewa hannu yana gaba, ƙirji yana baya kaɗan, bango yana can nesa, kuma da ita ake ƙirƙiro hoto na biyu da za a nuna wa ɗaya idon mai kallo. Kurakuranta iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a yi musu magani ɗaya ba. Akwai inda kyamara ta kasa aunawa ta bar rami, akwai kuma inda ta auna ba daidai ba ta ba da lambar ƙarya. Rami ana ganinsa, ana iya cike shi a tsanake. Lambar ƙarya ce mai haɗari, domin idan aka yi gaggawar goge taswira da mataci, wato lissafin da manhaja ke tace hoto da shi, kafin a cire ta, sai ta bazu ta gurɓata maƙwabtanta. Shi ya sa tsarin matakan da ke tafe yake da muhimmanci kamar matakan kansu.

Mataki na farko: a san irin kyamarar da ke hannu

Hanyoyi uku aka fi amfani da su wajen auna zurfi, kowace da irin kuskurenta. Ta farko ita ce fesa zanen ɗigogi na hasken infared, wanda ido ba ya gani, a kan abin da ake ɗauka, sannan a duba yadda zanen ya karkace. Haka kyamarar Kinect na farko take aiki, wanda Microsoft ya fitar a 2010 da fasahar kamfanin PrimeSense. A cikin ɗaki yana da amfani, amma da an fita rana sai ya makance.

Ta biyu ita ce auna lokacin da haske ke ɗauka ya je ya dawo. Kinect na biyu na 2013, mai taswirar ɗigo 512 a faɗi da 424 a tsaye, da Azure Kinect na 2019, da na'urar LiDAR da Apple ya fara sa wa iPad Pro da iPhone 12 Pro a 2020, duk 'yan wannan gida ne. Haske yana cin kimanin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don haka ɗan tangarɗa kaɗan a lissafin lokaci yakan zama santimitoci. Cututtukansu biyu sanannu ne. A gefen abu, ɗigo ɗaya yakan karɓi haske daga gaba da kuma daga baya, sai ya ba da nisan da ke tsakani, ya tsaya yana shawagi a iska inda babu komai. Su ne zaren nan da ke bin rawani. A kusurwar ɗaki kuma haske yakan bugi bango ɗaya ya faɗa kan ɗaya kafin ya dawo, sai kusurwa mai kaifi ta fito a lanƙwashe.

Ta uku ita ce idanu biyu, kamar na ɗan Adam: kyamarori biyu a jere suna kallon abu ɗaya, manhaja kuma ta nemo yawan gociyar kowane ɗigo tsakanin hoton hagu da na dama. Jerin RealSense D400 da Intel ya fitar a 2018 haka yake, tare da ɗan fitilar infared da ke taimakawa a duhu. Rauninsa shi ne wurin da babu zane ko kaɗan, kamar farin bango mai sulɓi, da wurin da zane ke maimaita kansa, kamar saƙar tabarma ko ƙarafunan taga, domin manhaja takan rikice ta haɗa layi da wanda ba nasa ba. A ganina, mai aiki a waje a garin nan, ko hawan sallah zai ɗauka a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ko kokawa a fili, kyamara mai idanu biyu ce tasa, domin rana tana ƙara mata gani ne. Mai aikin cikin ɗaki, kamar ɗaukar kayan tarihi, ya fi samun gefe mai tsabta da mai auna lokacin haske.

Mataki na biyu: wuri, lokaci da yanayi

Nan ne ake kashe rabin matsalar ba tare da an taɓa kwamfuta ba, kuma nan ne yanayin Sakkwato ke da nasa hukunci. Yawancin waɗannan na'urori suna aiki da infared mai tsawon zango wajen nanomita 850, hasken rana kuma cike yake da irinsa, don haka ranar tsaka takan danne ɗan hasken na'ura kamar yadda take danne tocila. Idan kyamarar mai fesa haske ce, a shiga zaure ko ƙarƙashin rumfa mai inuwa sosai, a kuma lura da tsinin rana da ke ratsowa ta taga ko ta ɓular kwano, domin daidai inda ya sauka rami zai fito. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar sakaliya.

Zafi kansa matsala ne daban. Takardar bayanin Azure Kinect ta ce an yi shi ne domin yanayin digiri 10 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, na RealSense D400 kuma zuwa 35, alhali a watannin Maris, Afrilu da Mayu garin nan yakan haura 40. Idan jikin kyamara ya yi zafi, ƙarfen da ke riƙe da idanunta yakan miƙe da abin da ido ba zai gani ba, fitilar ma ta canja ƙarfi, awo kuma ya goce. Kada a bar ta cikin mota a rufe, kada a ɗora ta a rana ana jiran mutane su shirya, idan da hali a sa mata ɗan fanka daga baya. Duk da haka ba a so a fara ɗauka tana sanyi. A kunna ta ta yi kamar rabin awa tana aiki kafin a fara, domin a mintunan farko lambobinta tafiya suke yi a hankali har zafin cikinta ya tsaya wuri ɗaya.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Wadda ke yawo a iska tana mayar da hasken infared tun kafin ya kai ga mutum, sai a ga ƙuraje sun cika taswira, wadda ta kwanta a gilashi kuma tana watsa hasken fitila zuwa cikin idon kyamara. A hure ta da ɗan famfon iska na masu hoto, sannan a goge da ƙyalle mai laushi na tabarau. Goge ta da bakin riga yana karce gilashi, domin ƙurar hunturu tana da yashi a cikinta. Idan a filin ƙasa za a yi aiki, a yayyafa ruwa kaɗan tukuna, ya tsotse kafin a fara.

Sai a duba kayan da ke gaban kyamara. Madubi, gilashin taga, ruwa a kwano, farantin silba da daɓen tayil mai sheƙi duk suna karkatar da haske zuwa wani wuri, su bar rami ko su nuna zurfin da babu shi. A shimfiɗa darduma a kan tayil, a kawar da sauran. Shaddar da ta sha bugu tana ƙyalli ma takan ba da wahala a kafaɗu da ƙirji, don haka idan ana iya roƙon mutum ya sa yadi marar sheƙi, a roƙe shi. Game da baƙin tufafi kada a yanke hukunci da ido, domin wani baƙin hijabi yakan fito fari tas a hoton infared, wani kuma ya shanye hasken duka. A buɗe hoton infared a manhajar kyamara a duba kafin a fara.

Mataki na uku: a matso kusa

Ga kyamara mai idanu biyu, nisa yana fitowa ne daga lissafi ɗaya: a ninka tsawon fokas, da adadin ɗigo, da tazarar da ke tsakanin idanun biyu, sannan a raba da gociya. Mu ɗauki misalin kyamara mai fokas ɗigo 700 da tazarar santimita 5, wadda ita ce tazarar D435. Abin da ke mita 1 zai goce da ɗigo 35, na mita 2 da 17.5, na mita 4 da 8.75 kacal. To idan manhaja ta yi kuskuren rubu'in ɗigo wajen nemo gociyar, a mita 1 kuskuren nisa bai kai santimita 1 ba, a mita 2 ya kusa santimita 3, a mita 4 kuma ya wuce santimita 11. Wato idan nisa ya ninka sau biyu, kuskure yana ninkawa sau huɗu. Babu matacin da zai dawo da abin da nisa ya cinye. Hanci da kumatu ba su fi 'yan santimitoci tsakaninsu ba, don haka wanda ya tsaya mita 4 yana son siffar fuska ya riga ya yi asara. A matso iyakar yadda aikin zai bari, idan kuma dole a tsaya nesa, a nemi mai faɗin tazara, irin D455 mai santimita 9.5. A kafa kyamara a kan ƙafa uku mai nauyi, kuma kada wanda ake ɗauka ya jingina da bango. A bar aƙalla rabin mita tsakaninsu domin a iya raba su daga baya.

Mataki na huɗu: saiti da gwajin bango

Kyamara tana zuwa da saitin masana'anta, amma faɗuwa ɗaya ko jijjigar babur a hanya ta isa ta gusar da shi. Hanyar da kusan kowa ke bi wajen sake saiti ita ce wadda Zhengyou Zhang ya wallafa a 2000, kuma tana nan kyauta a cikin OpenCV, tarin manhajojin sarrafa hoto. Ana buga allo mai murabba'ai baƙi da fari, a manna shi a kan abin da ba ya lanƙwasa, kamar gilashi mai kauri ko tayil. Kwali ba ya yi, domin yana kumbura da damina ya kuma bushe ya karkace da rani. Bayan an buga, a auna murabba'in da rula, domin injin bugawa yakan rage ko ya ƙara girma, kuma adadin da aka auna shi za a ba manhaja. A ɗauki hotuna 20 zuwa 30, allon yana karkace hagu da dama, sama da ƙasa, kusa da nesa, kuma lallai ya leƙa dukkan kusurwoyi huɗu na hoton, domin a can ne gilashi ya fi lanƙwasa layi. Manhaja za ta ba da adadin kuskuren saitin. Idan ya haura rabin ɗigo, a cire hotunan da suka yi dishi-dishi a sake. A saita idon launi tare da idon zurfi a zama ɗaya, domin dangantakar da ke tsakaninsu ita za ta sa launi ya hau siffa daidai.

Daga nan sai gwajin da nake ganin kowa ya kamata ya mayar al'ada, ko ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko mai ɗaukar biki. A sami bango miƙaƙƙe marar sheƙi, a fuskance shi kai tsaye, a auna nisa da tef ɗin magina, a ɗauki firam 100, wato hotuna ɗai-ɗai na bidiyo, a mita 1, a maimaita a mita 2 da mita 3. Daga tsakiyar taswira a fitar da amsoshi uku: kashi nawa cikin ɗari na ɗigogi ne suka sami lamba, yaya suka warwatsu daga shimfiɗar bango, kuma matsakaicinsu ya yi daidai da abin da tef ya nuna ko ya goce. Masu RealSense suna da manhajar Depth Quality Tool da ke yin wannan lissafi. Idan gocewar tana bin tsari, misali kullum tana ƙaruwa da nisa, ana iya zana layin gyara a riƙa cire ta daga kowace taswira. A rubuta sakamakon a littafi tare da kwanan wata da yanayin zafi, domin da shi za a gane daga baya ko mataci ya gyara ne ko ya ɓata.

Mataki na biyar: ɗauka da adanawa

A yi amfani da wayar USB 3 gajera mai kyau, domin idan kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin USB 2, girman hoto da yawan firam za su ragu. A bi girman da masana'anta ta ba da shawara, wanda ga D435 shi ne 848 da 480. A kashe saitin haske mai sarrafa kansa, a tsayar da shi da hannu, kuma a gajarta lokacin shigar haske gwargwadon saurin motsin da ake ɗauka, domin hannun da ya yi dishi-dishi ba ya ba da gociya ta gaskiya. Wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka a sa maganin ƙyaftawar fitila na idon launi a kan 50. Idan janareta ne ke ba da wuta, fitila mai batir ta fi kwanciyar hankali. Idan manhaja ta ba da zaɓi tsakanin cikar taswira da daidaitonta, a zaɓi daidaito, a karɓi ramukan da zai zo da su.

Kafin mutum ya shiga, a ɗauki wurin babu kowa na kamar daƙiƙa goma ba tare da an motsa kyamara ba. Wannan ɗan guntu zai yi amfani fiye da yadda ake zato.

A adana taswira ɗanya, mai bit 16, a jerin hotunan PNG ko a bidiyon FFV1 wanda ba ya zubar da komai. Tana da nauyi: girman 1280 da 720 a firam 30 yana cin fiye da gigabayit 3 a minti ɗaya kafin a matse shi, don haka a tanadi faifai mai sauri. Matse ta da H.264 irin na bidiyon yau da kullum, balle tura ta ta WhatsApp a matsayin bidiyo, yana narkar da gefuna, kuma gefe a taswirar zurfi shi ne iyakar mutum da bango. Idan kyamarori da yawa masu auna lokacin haske za su kalli wuri ɗaya, a haɗa su da wayar daidaita lokaci a jinkirta kowace kaɗan. Ga Azure Kinect ana ba da tazarar maikirodaƙiƙa 160, domin kada hasken wannan ya shiga idon waccan.

Mataki na shida: a zubar da ƙarya

Yanzu aka zo kwamfuta, kuma aikin farko ragewa ne. A yanke duk abin da ya fi iyakar wurin kusa ko nesa. Idan kyamara tana ba da taswirar tabbaci, mai nuna yadda ta yarda da awon kowane ɗigo, kamar yadda manhajar ARKit ta Apple ke raba ɗigogi gida uku, ko tana ba da ƙarfin hasken da ya dawo, a zubar da masu rauni. Ga mai idanu biyu, a yi lissafin gociya daga hagu zuwa dama, a sake daga dama zuwa hagu, duk ɗigon da amsoshinsa biyu suka saɓa da fiye da ɗigo ɗaya a share shi. Ɗigogi masu shawagi kuma ana kama su ta hanyar gwada kowane da maƙwabtansa takwas: wanda ya yi nesa da na gabansa ya kuma yi nesa da na bayansa, ba na kowa ba ne. Iyakar da za a sa ta riƙa ƙaruwa da nisa, tunda kuskure ma haka yake yi. Sai a share ƙananan tsibirai na ɗigogi da ba su haɗe da komai ba.

Taswirar za ta fi da muni a ido bayan wannan, kuma haka ake so. Abu ɗaya da za a kiyaye ƙwarai: sifili a taswira yana nufin ba a sani ba, ba ya nufin abin yana manne da kyamara. Duk matacin da ya haɗa sifili cikin lissafin matsakaici zai jawo gefen kowane rami zuwa gaba. A riƙe wani hoto daban, baƙi da fari, mai nuna ɗigogin da aka auna da gaske, a sa kowane mataci ya tsallake sauran.

Mataki na bakwai: gogewa ba tare da cin gefe ba

Idan kyamarar mai idanu biyu ce, a mayar da nisa zuwa gociya kafin a tace, a dawo da shi bayan an gama, domin a gociya girman kuskure kusan ɗaya yake kusa da nesa, saiti ɗaya zai wadatar. A fara da matacin tsaka-tsaki mai ɗigo 3 da 3, wanda ke jera lambobin maƙwabta ya ɗauki ta tsakiya. Yana kashe ƙuraje ba ya ƙirƙiro sabuwar lamba. Bayansa sai matacin da Tomasi da Manduchi suka gabatar a 1998, wanda ke haɗa ɗigo da maƙwabtan da suka yi kusa da shi a wuri kuma suka yi kusa da shi a lamba, don haka kumatu ba ya gauraya da bango.

Akwai dabara mafi ƙarfi, wato a bar hoton launi ya yi wa taswira jagora, tunda gefunansa sun fi kaifi kuma ɗigoginsa sun fi yawa. Aikin Kopf da abokansa na 2007 da matacin jagora na Kaiming He da abokansa na 2010 su ne tushenta, kuma da ita ake ɗaga ƙaramar taswira zuwa girman hoton launi. Sai dai tana da tarko wanda tufafinmu ke saurin faɗawa ciki. Mataci ba ya bambanta gefen siffa da gefen launi, don haka aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko zanen atamfa, ko adon da baduku ya yi wa fata, sai ya kwafe su ya sassaƙa a cikin zurfi kamar tudu da kwari. Maganin shi ne a taƙaita jagorancin launi ga zirin da ke kewaye da gefunan da taswirar kanta ta nuna, kamar ɗigo biyar zuwa goma kowane ɓangare, a bar tsakiyar jiki ga matacin da ba ya kallon launi.

Mataki na takwas: kyarma tsakanin firam da firam

Idon mai kallo ya fi saurin gajiya da kyarma fiye da kowane kuskure. Hanya mai sauƙi ita ce a gauraya sabuwar lamba da tsohuwa, misali kashi 40 na sabuwa da 60 na tsohuwa, amma da sharaɗi: idan bambancinsu ya wuce iyakar kyarmar da gwajin bango ya nuna, to motsi ne na gaske, a ɗauki sabuwa ita kaɗai. Idan aka manta da sharaɗin, hannun da ya ɗaga zai bar inuwarsa tana binsa a baya. Inda motsi ya yi yawa, a yi lissafin tafiyar ɗigogi daga hoton launi, irin hanyar Farnebäck da ke cikin OpenCV, a matsar da tsohuwar taswira zuwa sabon wurinta kafin a gauraya. Bango da ƙasa kuwa ba sa buƙatar duk wannan: a ɗauki lambar tsakiya ta kowane ɗigo daga guntun nan da aka ɗauka babu kowa, a kafe su da ita.

Mataki na tara: cike ramuka

Ƙaramin rami a tsakiyar shimfiɗa ɗaya ana cike shi daga kewayensa ba tare da fargaba ba. Ramin da ke manne da gefen mutum daban ne. Wannan inuwa ce, wurin da ido ɗaya ya gani ɗayan bai gani ba saboda jikin ya tare, kuma kusan kullum na bango ne. A cike shi daga ɓangaren da ya fi nisa, ko kai tsaye daga taswirar wurin da babu kowa. Wanda ya cike shi da matsakaicin gaba da baya ya sake dawo da zaren da ya sha wahalar cirewa.

Ga manyan ramuka, kamar baƙin gashi ko kafaɗar shadda, ana iya neman taimakon manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu hasashen zurfi daga hoto ɗaya, irin MiDaS ko Depth Anything na 2024. Abin da suke bayarwa a asali shi ne wane ya fi wane kusa, ba mita da santimita ba, don haka sai an daidaita ma'auninsu da mafarinsu da ɗigogin da aka auna da gaske a firam ɗin, sannan a ɗebi hasashen a zuba cikin ramin kaɗai. Ba na yarda a maye gurbin awo da hasashe, musamman idan aikin adana tarihi ne, kamar kayan da ke Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda wani zai zo bayan shekaru ya dogara da siffar. A ajiye hoton nan baƙi da fari tare da aikin domin a san wane ɓangare aka auna, wane aka cike.

Mataki na goma: haɗa ido na biyu da dubawa

Kafin a ƙirƙiro hoton ɗaya idon, a faɗaɗa zurfin mutum da ɗigo ɗaya ko biyu zuwa waje, domin gefen hula da gashi su tafi tare da shi maimakon su manne a bango. Kada a zaƙe wajen ƙara zurfi. Tazarar idanun baligi wajen santimita 6.3 ce, kuma idan gociyar abin da ke nesa a kan allon kallo ta wuce haka, idanu za su yi ƙoƙarin buɗewa waje, ciwon kai ya biyo baya. Abin da ya yi daidai a waya zai iya yin yawa a babban majigi, don haka a gwada a girman da za a nuna. Idan dole a mayar da taswira bit 8, a tuna matakai 256 ne kawai, kuma idan aka raba su daidai tsakanin rabin mita da mita 5, kowane mataki ya kusa santimita 2. A raba su bisa gociya domin abin da ke kusa ya sami kaso mafi yawa. Bidiyon idanu biyu da aka kammala ana iya matse shi da MV-HEVC, tsarin da Apple ke amfani da shi, amma ɗanyar taswira ta zauna a faifai yadda take.

Dubawa ta ƙarshe kashi biyu ce. A bi da bidiyon gwajin bango ta cikin dukkan matatan da aka yi amfani da su, a ga ko warwatsuwa ta ragu ba tare da matsakaicin nisa ya gusa ba. Sannan a ɗauki kwali mai kusurwa wanda aka auna da tef, tare da wani abu siriri irin wanda aikin ya ƙunsa, a buɗe su a manhajar kallon siffar 3D irin Open3D ko MeshLab a juya ta gefe da ta sama. Idan kusurwar kwalin ta zama kamar ƙwarya, gogewa ta yi yawa, a rage faɗin matacin mataki na bakwai. Idan siririn abin ya ɓace, a duba ɗanyar taswira: in yana cikinta, matacin tsaka-tsaki ko share tsibirai ne ya cinye shi, a sassauta su, in babu shi tun asali, sai an sake ɗauka daga kusa. Basillar badukun nan babu ita tun asali a ɗanyar taswira. Na koma wurinsa da sassafe, muka shiga zaure, na kafa kyamara ƙasa da mita ɗaya daga hannunsa, na shimfiɗa yadi marar sheƙi a cinyarsa domin ƙarfen ya sami abin da zai bambanta da shi, kuma a wannan karon ta fito tun daga tsininta har inda yatsunsa suka riƙe ta.